Titi Ɗaya, Mutum Tara

Shekara goma sha huɗu Tejumola ta yi a kan kujera ɗaya, a lungu ɗaya na wata maɗaba'a da ke unguwar Mokola. Bayanta injin buga takardu ne mai tari tun safe har yamma, gabanta kwamfuta. Aikinta tsara takardun mutane: katin biki, kalandar masallaci da ta coci, fostar masu neman kansila, sai littafin jana'iza. Na jana'izar ya fi yawa, domin a Ibadan dattijo ba ya tafiya kabari ba littafi. 'Ya'yansa su kawo hoton da ya koɗe, su ce a goge masa tabon goshi, a daidaita hular, a zaunar da shi cikin gajimare. Ita kuwa sai ta zaunar da shi. Hannunta yana da kyau, kuma ba ta sa baki a sha'anin mutane. Aiki ya shigo da safe, ya fita da yamma. A wurin ba a neman fiye da haka ga kowa.

Abu ɗaya ne in aka taɓo shi bakinta ke ɓallewa: wasan kwamfutar da za ta ƙera ita kaɗai.

Asalin abin tun tana yarinya ne. Akwai wani shagon gem, wato wasan talabijin, a bakin layinsu a unguwar Oje, inda samari ke cika suna ihu. Ba a hana ta shiga da baki ba, amma ba a taɓa matsa mata wuri ba. Sai ta riƙa tsayawa ta taga, da tiren agidin uwarta a ka. Daga nan kawunan 'yan wasa sun tare tsakiyar talabijin, inda ake damben. Abin da ke isowa idonta na gefe-gefe ne: sararin sama mai ruwan goro, wani gida da fitila can nesa, wasu ƙananan mutane da aka zana a baya suna ɗaga hannu suna saukewa ba gajiya. Ba ta taɓa sanin wa ya kayar da wa ba. Amma ta daɗe tana tunanin ko wa ke zaune a gidan nan mai fitila.

Ta girma, ta koyi zane a kwamfuta, ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya. Mijin direban tirela ne, rabin wata yana hanya. 'Yar tana makarantar kwana. Ba wanda ya tare mata hanya, gaskiyar ke nan, kuma ba wanda za a ɗora wa laifi.

Shekara tara da suka wuce ta fara rubuta tsarin wasan. Baba Rasaki, dattijon da ke kan injin yankan takarda, shi ke tara mata ragowar yanka ya ɗinke mata su littafi. Ta cika na farko a wata biyu. Sunan wasan Tuddai Bakwai. Kowane tudu da sarkinsa da irin ruwan samansa. Akwai kogin da ke komawa baya ranar Alhamis. Akwai kasuwar da ake sayar da inuwa, mai saye ya gwada ta a jiki kamar riga kafin ya ce ya ɗauka. Mutum ɗari da arba'in, kowa da sunansa da na kakansa. Za a yi yaƙi, a yi noma, a yi su, a hau doki, a yi aure in an ga dama. Ita za ta zana, ita za ta rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, ita za ta yi kiɗan.

Ba cika baki take yi ba. Ta koyi abin daidai gwargwado daga darussan intanet, ta iya sa ɗigo ya yi tafiya a allo har ya yi tsalle. Amma wasan kansa, ko fayil ba ta taɓa buɗe masa ba. Kullum da saura. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji ta. Haka ne. Sai dai ita ta fafe gora goma sha ɗaya, ba ta ko leƙa ƙofar gari ba.

Lokacin da ta fi jin daɗi a rana shi ne komawa gida. Ta matse a bayan tasi, mutum huɗu a kujerar mutum uku, motar ta hau tudu ta fara gangara. Daga nan ake hango rufin kwanon garin, ja-ja saboda tsatsa, har inda ido ya ƙare. A idon Teju sai rufin ya narke ya zama ruwa. Tuddan su tsinke daga ƙasa su fara yawo a kai kamar ƙwarya a tafki, kowane da fitilunsa. Takan ji ƙararrawar kasuwar inuwa. Takan ga kogin nan ya tsaya cak, ya yi shawara, ya juya. Sau da yawa sai direba ya buga jikin mota ya ce, "Anti, nan ne ƙarshe fa, ko da ni za ki gida?" sannan ta sauka tana neman takalminta da ƙafa.

A daminar bara ta fara cin karo da abubuwa ta hagu. Tulin takarda, gefen ƙofa, kafaɗar mutane. Ta ce gajiya ce. Sai ranar da ta tsara littafin wani mamaci, harafin farko na sunansa ya faɗa wajen layin yanka, ta duba shi sau uku ba ta gani ba. Baba Rasaki ne ya tsayar da wuƙa ya kawo mata. Washegari ta je asibitin ido.

Likitar mace ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ce ruwan cikin idon ne ke danne jijiya, ganin yana tafiya daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, in an dage.

Teju ta ce, "Shekara nawa ya rage mini?"

"Ba ni ke rabawa ba. Wasu sukan kai tsufa da ganinsu, wasu ba sa kaiwa. Naki na hagu ya yi nisa, na dama ya fara. In akwai aikin ido da kike so ki yi a duniya, kada ki ajiye shi sai an kwana biyu."

Da ta dawo, ta ciro littattafan goma sha ɗaya ta jera su a tebur. A karon farko ta yi abin da ya kamata ta yi tun littafi na ɗaya: ta ɗauki kowane abu ta rubuta awa nawa zai ci. Zanen mutum ɗaya da tafiyarsa da juyawarsa, awa kaza. Tudu ɗaya, awa kaza. Ta haɗa, ta raba da awa biyun da take samu a rana. Shekara ashirin da uku. Ta sake haɗawa, ko ta yi kuskure. Ta yi kuskure kuwa: ta manta da kiɗa.

Sai ta hau ragewa. Ta soke su, wato kamun kifi. Amma in ba su, me kogin yake yi? Sai ta zauna ta rubuta wa kogin sabon dalili, shafi goma. Ta soke tudu na shida. Amma 'yar sarkin tudu na shida ita ce matar sarkin na biyu, dole a nema mata wani uban. Bayan mako uku tana yanka, tsarin ya ƙaru da shafi talatin. Kamar mai sassabe a tsakiyar damina.

Wata Laraba suna cin amala da miyar wake a bayan injin, Baba Rasaki ya dube ta tana ci da hannu ɗaya tana rubutu da ɗaya. Shi mutum ne da ya shekara arba'in a gaban wuƙa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: yatsunsa goma cif. Farfesa yake kiran ta.

"Farfesa, miya na zuba a ƙasar sarki."

"Baba, ku bar ni. Ina neman inda zan yanke ne."

"Yanka? Ai da kin zo wurin masu abin. Tambaya ɗaya zan yi miki. Wannan wasan naki, in mutum ya riƙe shi, me yake yi da hannunsa?"

"To, da farko dai shi ɗan sarkin tudu na ɗaya ne, amma bai sani ba, domin tun yana jariri..."

"Ban tambaye ki ubansa ba. Hannunsa. Ni nan in na tsaya, na daidaita, na danna, na janye. Shekara arba'in ke nan. Shi fa?"

"Yana yaƙi. Yana noma. Yana..."

"Wanne a ciki?"

Baba Rasaki ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tashi.

Ta taɓa jin masu wannan sana'a suna cewa a gwada wasa a takarda kafin a kai shi kwamfuta. Ta ji, ta rubuta a littafi na huɗu, ta wuce. Yanzu sai ta koma ta ɗauko shawarar. Ta zana titin farko na tudun farko a kan kwali mai tsawon hannu biyu, ta raba shi gida-gida kamar ludo. A ƙarshen titin akwai ƙofar gari, da mai gadi riƙe da takobi. Nan ne faɗan farko, kuma dokokin faɗan sun ci mata shafi takwas. Gefen titin kuwa, don kada ya zama fayau, ta cika shi da mutane a bakin ƙofofinsu, yadda hannunta ya saba.

Ranar Asabar rabin yini ake yi. Da aka kashe injuna, wurin ya yi tsit, sai ƙamshin tawada da ƙurar takarda na yawo cikin hasken da ke shigowa ta saman ƙofa. Ta shimfiɗa kwalin a kan teburin yanka, ta ba Baba Rasaki murfin kwalbar lemo.

"Wannan ku ne. Ku jefa ɗan ludon, ku yi tafiya har ƙofar can. Can wasan zai fara."

Ya jefa, biyar ta fito. Ya tura murfin gida biyu ya tsaya.

"Biyar kuka samu, Baba."

"Na gani, ba ni ne mai ciwon ido ba. Wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce. Ado ce kawai."

"Ado ce da ɗankwali da tire a cinya?"

"Wake take tsinta. Ku wuce."

"In wuce? Tsohuwa na zaune a ƙofar gidanta, in bi ta gabanta kamar akuya? A daji aka haife ni?" Ya taɓa hularsa, ya ɗan rusuna wa kwalin. "Mama, sannunku da zama. Sannunku da tsintar wake."

Ya ɗago ya dubi Teju.

"Ba ta amsa ba. Na yi mata laifi ne?"

"Baba, zane ne fa."

"To ke kika zana ta, ke za ki amsa. Ko kurma kika yi ta?"

Don ta rabu da shi, Teju ta ƙanƙance murya ta ce, "Yawwa, ɗan nan, sannu. Ka ga wake duk tsakuwa, mutanen yanzu ba tsoron Allah." Tana faɗa ta ji wani abu ya motsa mata. Ta san tsohuwar. Ta san gwiwarta ta dama ce ke ciwo, ta san ɗanta yana Legas kuma ba ya kira sai ta kira. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya a cikin littattafan ba, amma ga shi nan a bakinta kamar an ajiye.

Baba Rasaki ya tambayi gwiwar, ya ba da shawarar man kaɗanya, sannan ya matsa gida ɗaya. Ɗan ludon ma ya manta da shi. Ya gai da tela da aiki. Ya iso wurin wata mata da ke shanya ƙananan tsummoki a igiya, ya washe baki ya ce, "A'a! Sannu da hannu cikin ruwa! Namiji ko mace?" domin haka ake gai da mai jego, wadda wanki ba ya ƙare mata. A ƙofa ta gaba ya yi turus. Teju ta zana takalma birjik a bakin ƙofar, don kawai ta taɓa gani ya ba ta sha'awa.

Ya rage murya. "Takalma haka da yawa, ba kiɗa, ba hayaƙin girki. Rasuwa aka yi." Ya cire hular gaba ɗaya. "Sannunku da haƙuri. Allah ya sa kwanan da ya rage ya ƙaru a kan na baya."

Teju ta amsa masa da muryar mutanen ciki, ƙasa-ƙasa.

Sai wani magidanci da ke zaune a benci da tsakar rana, da takalmin ofis a ƙafa, hannu a haɓa. Baba Rasaki ya ce da fara'a, "Maigida, sannu da hutawa!"

Kafin ta yi tunani, Teju ta ɗaure fuska. "Hutawa? Wata huɗu ke nan da aka rufe mana kamfani, kai kana ce mini hutawa." Ta ɗauki guntun takarda ta rufe ƙofar mutumin.

"Kai!" Baba Rasaki ya dafe kai. "Takalmin! Ban lura da takalmin ba. Wallahi na gan shi, ban haɗa ba. Buɗe, buɗe, bari in sake."

"An rufe, Baba."

"Farfesa, kada ki yi mini haka. Bari in sake, sau ɗaya."

Shekara tara tana ba mutane labarin Tuddai Bakwai. An ce mata ma sha Allah, an ce mata kai wannan kai naki, an ce Allah ya nuna mana. Duk magana ce, kuma magana ba ta da nauyi. Ba wanda ya taɓa cewa bari in sake.

Awa ɗaya da rabi suka yi. Murfin lemon bai kai rabin titi ba aka kira la'asar. Baba Rasaki ya sa hularsa ya ce a ajiye masa wurinsa, mako mai zuwa zai shirya da mutumin nan. Mai gadi yana can ƙarshen kwali da takobinsa da dokokinsa shafi takwas, ko kallonsa ba a yi ba.

Ba murna ta yi ba. Ta zauna ita kaɗai a cikin shirun tana kallon kwalin, ranta a jagule. Tuddai bakwai, kogi, sarakuna, ashe duk tsohuwa mai tsintar wake ta fi su. A tasi ranar ba ta ga ruwa ba. Rufin kwano ta gani, da mutane a ƙarƙashinsa, kowa a bakin ƙofarsa da abin da yake yi. Ta riƙa juya kai gaba ɗaya don ta kama na hagu kafin su wuce.

Halin mutum kuwa ba ya barin sa don ya ji tsoro. Ranar Lahadi da safe ta ɗauki sabon littafi, na goma sha biyu, ta tafi Oje wurin uwarta. Tsohuwar har yanzu tana naɗe agidi a ganye, ko da yake yanzu a zaune take yi, maƙwabta su zo su saya a gida.

"Mama, gaisuwa nake so ku ba ni. Duk wadda kuka sani."

Abin nema ya samu. Uwar ta shiga zubowa tana naɗi: ta mai dawowa daga kasuwa, ta wanda ruwa ya daka, ta mai azumi, ta mai kitso da ta wadda ake yi wa, ta wanda ɗansa ya yi tafiya, ta wanda ya yi baƙi, ta wanda baƙin suka tafi suka bar shi da wanke-wanke. Teju na ta rubutawa. Kafin azahar ta tara sittin da uku. Kanta ya riga ya tashi sama. Me zai hana a yi garin duka? Unguwa-unguwa. Sannan Oyo, sannan Ijebu, kowa da karin harshensa. Damina da rani. Titi ɗari, mutum dubu, kowa da...

"Tejumola."

"Na'am, Mama."

"Tun ɗazu nake miƙo miki ruwa."

Kofin yana nan dab da kuncinta na hagu. Teju ta juya ta karɓa. Uwar ba ta saki ba.

"Tun yaushe?"

Ba ta gaya mata zancen idon ba, ba ta ma gaya wa mijin duka ba. Yanzu ta faɗa, a taƙaice, tana kallon ganyen da ke ƙasa. Uwar ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta goge hannu a zani, ta ja fuskar 'yar kusa ta duba idon, kamar za ta ga abin a ciki ta cire.

"Wannan rubutun na wasan nan ne? Wanda kike faɗa tun 'yarki na rarrafe?"

"Shi ne. Amma yanzu na gano..."

"Akwai wadda ban ba ki ba. Rubuta. Sannu da shiri."

Teju ta rubuta.

"Ta jajibiri ce. Ana yi wa wanda ya ɗaure rago, ya jiƙa shinkafa, gobe biki. Sau ɗaya ake yin ta. In kika ji an yi wa mutum ita sau biyu a kan biki ɗaya, to ba gaisuwa ba ce kuma, dariya ake yi masa." Ta koma kan ganyenta. "Rufe littafin nan. Sittin da ukun ma sun yi miki yawa."

Da yamma, a gida, Teju ta ɗiga maganinta, ta jira hawayen ya wuce, ta ɗauki farar takarda guda ɗaya. Ta yi wa kanta sharaɗi: abin da bai shiga fuska ɗaya ta takardar nan ba, ba ya cikin wasan.

A sama ta rubuta amsar tambayar Baba Rasaki: ka tsaya, ka duba, ka gaisar. Titi ɗaya ne, daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa. Za a bi shi sau uku, ranar rana, ranar ruwa, da ranar da wani abu ya faru a layin, kuma abin da ka ce wa mutum jiya yana nan a ransa yau. Ba faɗa, ba doki. Wanda ya yi kuskure ba ya mutuwa, ƙofa ce za a rufe masa. Mutanen manya-manya za a zana su, a tsakiyar allo, ba abin da za a ɓoye a gefe. Kowa kuma da ƙararsa, keken tela, wake a tire, ruwa a bokiti, yadda ko da ido ya gaza kunne zai kai mutum. Wannan layin ta daɗe a kansa kafin ta wuce.

Wurin mutanen ne ya yi ciwo. Goma sha huɗu ne a kwalin, lissafin awanninta kuwa ya ce tara, in tana so ta gama cikin wata goma. Ta cire mai gyaran rediyo. Ta cire tagwayen da ke faɗa a kan guga, da wasu biyu. Ta yi ƙoƙarin shigo da mai sayar da inuwa ta bayan gida, ta ba shi ɗan benci a ƙarshen titi, ta ce ai mutum ɗaya ne. Ta zauna tana kallon sa. Tana jin ƙararrawar kasuwarsa, tana ganin inuwoyin a rataye suna kaɗawa kamar wanki. In ya shigo, kasuwar za ta biyo shi, kasuwar kuma tudu take kai. Ta ja masa layi. Sai da ta tashi ta zagaya ɗakin.

Can ƙasa ta rubuta lokaci: ƙarfe shida da rabi zuwa takwas na safe, kafin a buɗe maɗaba'a, lokacin da idon bai gaji ba. Kusa da shi ta sa ranar farawa. Ba ta rubuta wata mai zuwa ba. Ta rubuta gobe.

Litinin ta riga kowa zuwa, sai mai shara. Likita ta ce ta riƙa ɗaga allon kwamfuta daidai idonta, ba ta kuwa da abin ɗagawa. Ta ɗauko littattafan ta jera shida a ƙarƙashinsa, ya yi daidai. Sauran ta tura su cikin durowa. Ta manna takardar nan guda a bango ta dama, inda za ta riƙa ganin ta.

Ta buɗe sabon fayil. Wurin suna ta rubuta titi, da ƙananan haruffa. Allon ya fito fari fat, ba sama ba ƙasa. Ta daɗe ba ta ga abin da ya ba ta tsoro haka ba. Ta ja layi ɗaya, ƙasa ke nan. Ta ajiye ɗan akwati mai ruwan toka a hagu, mai tafiya ke nan. Ta ajiye wani a tsakiya, ta ɗan gajarta shi, tsohuwa ke nan a zaune. Ba ɗankwali, ba tire. Waɗannan sai wata na uku, haka takardar ta ce.

Minti arba'in ta yi tana rubuta abin da zai sa na farkon ya taka, in ya iso wurin na biyun ya tsaya. A waje gari ya fara tashi, masu tasi na kiran fasinjan Dugbe, wani na jan ƙofar shagonsa. Ta karanta abin da ta rubuta sau biyu, tana bin layin da yatsa. Sannan ta danna.

Akwatin ya motsa. Ya taho a hankali a kan layin, yana ɗan karkarwa. Ya iso wurin tsohuwar. Ya ratsa ta tsakiyarta kamar ba kowa a wurin, ya ci gaba abinsa, ya fice ta gefen allo ya ɓace.

Teju ta bi shi da kallo har inda ganinta ya tsaya.

"Marar kunya," ta ce. "Dawo nan."

Ta jawo kujera kusa, ta fara neman inda ta yi kuskuren. Saura minti ashirin a kunna injin.